Kafin A Danne Maɓalli, A Tambaya: Me Kwamfutar Take Jira?



Akwai wata matsala da kusan duk mai amfani da kwamfuta ya taɓa cin karo da ita, amma kaɗan ne suka ɗauke ta a bakin komai. An gama aiki, an danna wurin kashewa, allo ya nuna "Shutting down", 'yan ɗigogin nan suna ta zagaye. Minti 5, minti 10, shiru ba ta mutu ba. Wani lokacin allon ya yi baƙi ƙirin, amma fanka tana ta juyawa, fitilar wuta kuma tana nan a kunne. Ga dare ya yi, ga shago za a rufe, ga man janareta yana ƙonewa.

Magani biyu mutanenmu suka fi sani. Na farko, a ɗora yatsa a kan maɓallin wuta a danne har ta ɗauke numfashi. Na biyu, idan abin ya ishi mutum, ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara a yi mata fomatin, wato a goge komai a zuba sabon Windows. Mu a ganinmu duka biyun gaggawa ce, kuma gaggawar da ke iya cin dukiya. Ruwa ba ya tsami banza. Kwamfutar da ta maƙale a wajen mutuwa wani abu take jira, kuma galibi ana iya gano shi cikin sa'a guda ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ba injin ne ya fi damunmu ba, domin inji ana sayen wani. Abin da ke cikinsa ne. Ɗalibin da ya kai wata 6 yana rubuta furojet ɗinsa. Mai shagon buga takardu da ke riƙe da ayyukan mutane. Ɗan kasuwar da lissafin bashin da yake bi da wanda ake bin sa duk yana cikin fayil guda na Excel. Sakataren da rajistar mambobi da lissafin kuɗin wata-wata ke hannunsa. Irin waɗannan abubuwa idan suka lalace ba a kasuwa ake sayo su ba, kuma sau da yawa rigima ce ke biyo bayan ɓacewarsu.

ABIN DA KE FARUWA IDAN AKA CE TA MUTU

Kashe kwamfuta ya fi kama da rufe babban shago da dare fiye da kashe ƙwan lantarki. Ba a jan ƙofa haka kawai. Sai an sallami masu sayayya, yaran shago sun tattara kaya, an ƙirga ciniki an rubuta a littafi, sannan a kashe wuta a sa kwaɗo.

Haka Windows yake yi. Da farko yana aika wa kowace manhaja da ke buɗe saƙo cewa za a rufe, ta adana abin da ke hannunta. Daga nan ya fitar da mai amfani daga asusunsa. Sai ya bi ƙananan manhajojin da ke aiki a bayan fage ba tare da an gan su ba, irin na firinta da na antibairos da na sabuntawa, ya ce kowacce ta tsaya. Sai ya kwashe bayanan da ke rataye a ram ya rubuta su a faifan ajiya, domin ram ba ya riƙe komai da zarar wuta ta ɗauke. A ƙarshe ya umarci kowane sashe na injin ya kwanta, sannan ya gaya wa babban allon cikin kwamfutar ya yanke wuta.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙi amsawa, sauran duk sai su tsaya jiran sa. Wannan jiran shi ne abin da muke kira maƙalewa. Danne maɓalli kuwa daidai yake da mai shago ya ja ƙofa ya sa kwaɗo alhali yaro yana tsakiyar rubuta ciniki. Gobe za a buɗe, amma littafin ba lalle ya daidaita ba.

INDA TA TSAYA SHI KE NUNA MAI LAIFI

Abu na farko da muke roƙon kowa ya yi shi ne ya kalli allon da kyau kafin ya taɓa komai. Maƙalewa iri-iri ce, kuma kowacce da inda take nunawa.

Idan allon ya kawo sunan wata manhaja tare da rubutun "This app is preventing shutdown", to an ma gaya muku mai laifin. Yawanci takarda ce da ba a adana ba, ko wani aiki da bai ƙare ba. A nan "Cancel" ake dannawa, a koma a adana, a rufe manhajar da hannu. Wanda ya saba danna "Shut down anyway" ba tare da ya karanta ba, da hannunsa yake zubar da aikinsa. Word da Excel suna yin ajiyar ko-ta-kwana duk bayan minti 10 idan ba a canza saitinsu ba, amma minti 10 na shigar da lissafi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba kullum ajiyar take dawowa lafiya ba.

Idan kuwa rubutun ya ce "Working on updates" ko "Don't turn off your computer", to wannan ba maƙalewa ba ce tukuna. Windows ne yake sauya fayilolinsa na ciki, ya cire tsoho ya sa sabo. A tsohuwar kwamfuta mai faifan ajiya irin mai juyawa, wannan na iya cin sa'a guda ko fiye, kuma lambar kan tsaya a wuri ɗaya kamar ba ta motsi. Nan ne wuri mafi haɗari da za a yanke wuta, domin ana iya barin Windows rabi tsoho rabi sabo, gobe ya ƙi tashi gaba ɗaya. A sa mata caja, a ƙyale ta.

Idan ɗigogin suna zagaye a kan "Shutting down" ba tare da wani bayani ba, galibi ɗaya daga cikin manhajojin bayan fage ce ta ƙi tsayawa, ko kuma faifan ajiyar yana wahalar rubutu.

Idan allo ya mutu amma fanka da fitila ba su mutu ba, to Windows ya kusa gama nasa, matsalar tana can ƙasa: wata manhajar direba, wato wadda ke haɗa Windows da wani sashe na injin, ko wata na'ura da aka jona, ko kuma tsarin BIOS na kwamfutar. Wannan nau'in ne ya fi cutar masu laftof, domin mutum zai rufe murfi ya jefa ta jaka yana zaton ta mutu. Ya isa gida ya tarar da jakar ta yi zafi kamar tanda, batir ya ƙare tas. Zafi irin wannan yana rage wa batir kwana.

Akwai kuma wadda ake ce mata ta mutu sai ta sake tashi da kanta. Sau da yawa faɗuwa take yi a tsakiyar kashewa, amma Windows yana da saitin da ke sa shi sake tashi nan take idan ya faɗi, don haka ba a ganin shuɗin allon da ke ɗauke da sunan matsalar. Idan aka cire alamar "Automatically restart" a sashen "Startup and Recovery", allon zai tsaya a karanta.

TO A WANNAN DAREN, YAYA ZA A YI?

Ba muna cewa kada a taɓa danne maɓalli har abada ba. An yi shi ne saboda ranar da babu wata hanya. Abin da muke cewa shi ne ya zama matakin ƙarshe. A duba fitilar faifan ajiya idan kwamfutar tana da ita. Muddin tana ƙyaftawa, ana kan rubutu, a jira. Idan babu maganar sabuntawa a allo, a ba ta minti 10 zuwa 15. Idan sabuntawa ce, a ba ta sa'o'i 2 ko fiye matuƙar akwai wuta. A zare filash, firinta, modem da duk abin da aka jona, domin wani lokacin zare abu ɗaya kawai ke sa ta ƙarasa. Sai an yi duk wannan ba ta motsa ba, sannan a danne maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi har ta mutu. Da safe kuma a fara bincike, kada a ce tunda ta tashi shi ke nan.

BINCIKEN DA KOWA ZAI IYA YI

Doka ɗaya ce a nan: a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya taɓa abubuwa 5 lokaci guda, ko da ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, ranar da ta dawo kuma sai ya koma farko.

A fara da tambayar kai: yaushe abin ya fara? Bayan an sa sabuwar firinta? Bayan an zuba wata manhaja? Bayan sabuntawa? Bayan wani ya sa filash ɗinsa? Amsar wannan tambaya kaɗai tana warware rabin matsalolin.

Sai a zare duk abin da aka jona ban da kibod da maus, a kashe a gani. Idan ta mutu lafiya, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Daga nan sai a zo kan abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, kamfanin Microsoft ya shigo da wani tsari mai suna "Fast Startup". A ƙarƙashinsa, idan aka danna "Shut down" kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana rufe manhajojin mai amfani, amma zuciyar Windows da direbobinta sai ta naɗe su yadda suke ta ajiye a wani babban fayil, domin gobe ta ɗauko su ta tashi da sauri. Dabara ce mai kyau idan komai lafiya. Amma idan wani direba ya rikice, da rikicinsa za a naɗe shi, da rikicinsa kuma za a ɗauko shi gobe. Naɗewar kanta ma wuri ce da ake yawan maƙalewa, musamman a tsofaffin injina.

Duk mai son ganin shaida ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga "Performance", ya duba inda aka rubuta "Up time". Zai iya tarar da kwamfutar da yake kashewa kowane dare tana nuna kwana 12 ko 20 a kunne. Abin mamakin shi ne "Restart" ne ke yin cikakkiyar kashewa da tashi, ba "Shut down" ba.

Gwajin yana da sauƙi. A riƙe maɓallin Shift a lokacin da ake danna "Shut down". Wannan yana sa ta mutu gaba ɗaya a wannan karon. Idan ta mutu ba gardama, an gano bakin zaren. Sai a shiga "Control Panel", a je "Power Options", a zaɓi "Choose what the power buttons do", a danna rubutun da ke buɗe saitin da aka kulle, a cire alamar da ke kan "Turn on fast startup". Abin da za a rasa 'yan daƙiƙoƙi ne wajen tashi, a kwamfuta mai SSD ma da ƙyar za a lura. A ra'ayinmu duk mai tsohuwar kwamfuta ya cire wannan alamar ko da bai fara ganin matsala ba.

Idan ba nan ba ne, sai a nemi manhajar da ke ƙin tsayawa. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta msconfig, a shiga "Services", a sa alama a kan "Hide all Microsoft services", sannan a danna "Disable all". Sa alamar nan wajibi ne, don kada a kashe abin da Windows kansa yake buƙata. A sake tayar da kwamfutar, sannan a gwada kashewa. Idan ta mutu lafiya, mai laifin yana cikin waɗanda aka dakatar. A kunna rabinsu a gwada. Idan matsalar ta dawo yana cikin wannan rabin, idan ba ta dawo ba yana cikin ɗayan. A ci gaba da rabawa biyu. Ko manhajoji 30 ne, gwaji 5 ya isa a kama shi. Waɗanda aka fi kamawa su ne antibairos guda biyu da aka zuba a kwamfuta ɗaya suna kokawa da juna, tsofaffin manhajojin modem da na firintar da aka daɗe da rabuwa da ita, da manhajojin da aka sauko da su daga wuraren da ba a sani ba.

KWAMFUTAR TANA RUBUTA TARIHINTA

Abin da ya fi ba mu takaici game da saurin yin fomatin shi ne ana goge littafin da amsar take ciki. Windows yana rubuta duk abin da ya same shi, da rana da lokaci.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kalmar reliability a wurin bincike, a buɗe "View reliability history". Za a ga jadawalin kwanaki, da jar alama a kan duk ranar da wata manhaja ta faɗi ko aka kashe kwamfutar ba bisa ƙa'ida ba. A duba ranar da jajayen alamomin suka fara, a ga abin da aka zuba ko aka sabunta a ranar ko kwana ɗaya kafin ta.

Mai son zurfafawa ya buɗe "Event Viewer". A sashen "System", lamba 41 da lamba 6008 suna nufin wuta ta yanke ba tare da an kammala kashewa ba. Duk ranar da aka danne maɓalli ko NEPA ta ɗauke, suna nan a rubuce. Akwai kuma wani sashe mai suna "Diagnostics-Performance", inda lambobi 200 zuwa 203 suka shafi kashewa, kuma sukan ambaci sunan manhaja ko na'urar da ta jawo jinkiri. Ko mutum bai gane duk Turancin ba, ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya nuna wa wanda ya sani. Masu amfani da Linux su ma suna da irin wannan: idan aka danna Esc a lokacin kashewa, sau da yawa za a ga layin da ke cewa ana jiran wani aiki ya tsaya, da ƙidayar da kan kai minti 1 da daƙiƙa 30, ga kuma sunan aikin a gefe.

Idan ana zargin fayilolin Windows sun lalace, wanda yawan yanke wuta ke jawowa, a buɗe "Command Prompt" da izinin mai gudanarwa a rubuta sfc /scannow, a bar shi ya kai 100. Shi zai duba fayilolin ya gyara waɗanda zai iya. Idan kuma allo ne ke mutuwa fanka ba ta mutuwa, a je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, a nemi direbobin wannan samfurin daidai, musamman na hoto da na babban allo. Sabunta BIOS ma yana magance irin wannan, amma muna jan kunne: kada a yi shi sai da cikakken batir da caja a jone, ko UPS ga mai kwamfutar tebur. Wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata.

IDAN FAIFAN AJIYA NE, MAGANAR TA CANZA

Wannan shi ne dalilin da ya sa muka ce matsalar ba ta wasa ba ce. Wani lokacin jinkirin mutuwa shi ne alamar farko cewa faifan ajiya ya fara gajiya. Yana ƙoƙarin rubutu a wurin da ya lalace, ya kasa, ya sake gwadawa, Windows kuma yana jira. Idan aka haɗa da nauyi wajen buɗe fayil, ko ƙarar ƙas-ƙas daga cikin injin, to a bar duk wani gwaji, a fara kwashe kaya tukuna.

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu tokumbo ne, ko daga Computer Village da ke Ikeja, ko Alaba, ko wasu kasuwannin. Ba aibu ba ne, da yawansu sun fi sababbin masu araha ƙarko. Amma sun yi aiki a wata ƙasa kafin su zo hannunmu, kuma faifan ajiya yana da iyakar kwanansa. Akwai manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta rahoton da faifan yake rubutawa game da lafiyarsa. Tana nuna "Good" ko "Caution" ko "Bad", tana kuma nuna sa'o'in da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce. Faifan da ya nuna 35,000 ya yi kusan shekara 4 cur yana aiki dare da rana. Duk wanda ya ga "Caution", ya kwafe kayansa a ranar, ya fara neman kuɗin sabo. Duk mai shirin sayen tokumbo kuma ya nemi a nuna masa wannan allon kafin ya biya.

Yanzu a duba abin da fomatin yake yi wa irin wannan faifan. Ana goge kayan mutum, a tilasta wa faifan da ke gargara ya rubuta dubban fayiloli sababbi. Kwamfutar ta yi kamar ta warke na mako 2 ko 3, sannan ta koma gidan jiya, ko ta mutu murus. An biya kuɗin aiki, an rasa kaya, ciwon kuma yana nan.

MASU CEWA AI BA KOMAI

Mun san abin da wasu za su ce: shekara nawa muna danne maɓallin nan ba abin da ya faru. Akwai gaskiya a ciki. Tsarin ajiyar fayil na Windows, wato NTFS, yana riƙe da ɗan littafin abin da yake shirin yi, saboda haka idan wuta ta yanke yakan iya daidaita kansa idan an tashi. Shi ya sa sau da yawa ake tsira. Amma wannan littafin tsarin faifan yake karewa, bai ɗauki alkawarin kare abin da ke cikin takardar da ake tsakiyar rubutawa ba. Kuma ɓarnar ba kullum take bayyana a ranar ba. Sai bayan wata 3 a zo buɗe wani fayil ya ƙi buɗuwa, ba wanda zai tuna da daren da aka danne maɓalli. Wanda ya saba tsallaka titi ba ya dubawa bai taɓa haɗuwa da mota ba, wannan sa'a ce, ba hujja ba.

Wasu kuma za su ce: ku da kuke cewa a jira, wutar NEPA tana jiran mutum ne? Wannan ma magana ce. Amma mu a wajenmu hujja ce a kan a ƙara kula. Kwamfutar da ke ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa tana iya shekara ba ta ga yankewar bazata ba. Tamu kuwa tana shan wannan dukan ko ba mu so. Bai kamata mu ƙara mata da hannunmu ba. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS ko ƙarami ne, minti 10 da zai ba shi sun isa a adana aiki a kashe cikin natsuwa. Mai laftof da batirinta ya mutu ya san cewa kwamfutar tebur yake riƙe da ita marar UPS. Mai shago kuma ya fara kashe kwamfuta minti 15 kafin ya kashe janareta, ba a lokaci guda ba. A sa sabuntawa ta gudana da rana lokacin da akwai wuta, kada a bari ta tare mutum a bakin ƙofa da dare.

Game da masu gyara, ba mu ɗauke su abokan gaba ba. Da yawansu 'yan uwanmu ne, kuma akwai ƙwararru na gaske a cikinsu. Fomatin ya zama ruwan dare ne saboda shi ne aikin da ke ƙarewa cikin sa'a guda, mai kaya kuma yana tsaye yana cewa a yi sauri, ba ya son biyan kuɗin bincike. Idan muna son aiki mai kyau, sai mu yarda cewa gano ciwo ma aiki ne da ya cancanci lada. Kuma akwai lokacin da sake zuba Windows shi ne daidai, idan an gwada sauran hanyoyin, an tabbatar faifan lafiyarsa ƙalau, an kuma kwashe kaya.

Don haka duk wanda zai kai kwamfutarsa gyara ya tafi da tambaya uku. Me ka gano yana hana ta mutuwa? Ka duba lafiyar faifan ajiyar, me ya nuna? Ina za ka ajiye kayana kafin ka taɓa komai? Mai gyaran kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce fomatin tun kafin ya kunna ta, a ba shi haƙuri a ƙara gaba. Sababbin kwamfutoci da yawa kuma faifansu a kulle yake da tsarin BitLocker, mai mabuɗi na lambobi 48 da yawanci ake samu a asusun Microsoft na mai kwamfutar. A nemo shi a rubuta a takarda kafin a je, domin idan aka taɓa BIOS ko aka cire faifan, ba mai iya buɗe shi sai da wannan mabuɗin.

Sai maganar tsohon Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma sababbin firintoci da manhajoji za su riƙa zuwa da direbobin da ba a gwada su sosai a kan tsohon tsari ba, irin wannan rashin jituwar kuma shi ke haifar da maƙalewa. Mai irin wannan kwamfuta ya fara tunanin mataki na gaba tun yanzu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk abin da muka lissafa: kwafi. Duk fayil ɗin da ɓacewarsa za ta hana mutum barci, ya kasance yana wuri biyu aƙalla, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko faifan waje ko Google Drive. Wanda ke riƙe da lissafin jama'a, wannan amana ce a wuyansa, ya ware rana guda a mako ya riƙa yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A daren yau idan an tashi aiki, a riƙe Shift a danna "Shut down", a tsaya a ga fitila ta mutu, fanka ta yi shiru, kafin a rufe murfi. Wanda tasa ta ƙi, ya ɗauki hoton allon, ya lura da inda ta tsaya, ya fara daga nan. A tura wa ɗalibai da masu shaguna da sakatarorinmu su ma su amfana.

Allah Ya kare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.